Laftof ɗina ta ƙi kawowa kuma furojet ɗina yana ciki

"Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah ina neman taimako. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina zaune a Kabuga. Laftof ɗina HP ce ta hannu, shekara biyu kenan da sayenta. Jiya da daddare ina cikin taifin aka ɗauke wuta, aka tada janareta a gidanmu na jona caja na ci gaba da aiki har na kwanta. Yau da safe na danna ta ƙi kawowa sam, na bar ta a caji awa uku, shiru. Yayana ya ce bod ne ya ƙone sai dai a sayi wata. Babi na ɗaya zuwa na huɗu duk suna ciki ban tura ko'ina ba. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kawo sauƙi. Na san yadda zuciyarki take yanzu, don duk ƙarshen zango sai ɗalibai sun shigo min shago a haka, wani ko gaisuwa ba ya iya ƙarasawa sai dai ya dire jaka a kan benci ya ce Injiniya ka taimake ni. To bari na fara da abin da ya fi ci miki rai kafin mu zo kan gyara. Babi huɗun nan naki in Allah ya yarda suna nan. Abin da kika rubuta ba a jikin bod yake zaune ba, wato babban allon nan na ciki da duk kayan laftof suke haɗe a kansa, yana cikin had dis ne ko SSD, wani ɗan abu ne daban da aka ɗaure da noti, kuma a yawancin laftof na hannu da ake sayarwa a garin nan ana iya zaro shi a saka a ɗan akwati mai USB a jona da wata kwamfutar a kwashe komai tas. Ko da maganar yayanki ta tabbata, ba kasafai wutar da ta taɓa bod take kaiwa ga dis ba.

Maganar yayan naki kuwa, ba zan ce ƙarya ba ce, zai iya yiwuwa bod ɗin ne. Amma babu wanda zai iya yanke wannan hukuncin da ido, ko ni da nake wannan sana'ar sai na ɗora mita na auna. Bod shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, kuma shi ya fi komai tsada, saboda haka ana farawa ne daga bango a biyo waya a zo kan caja, sannan batir, sannan a shiga ciki.

"Ta ƙi kawowa" ba ciwo ɗaya ba ne

Idan mutum ya ce min laftof ɗinsa ta ƙi kawowa, tambayar da nake fara yi masa ita ce me ka gani, me ka ji. Akwai wadda ta mutu murus, ba fitila ba ƙarar fanka ba komai. Akwai wadda fitilar madannin kunnawa take kamawa, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin. Akwai mai tashi na daƙiƙa biyu ko uku ta mutu ta sake tashi. Sai kuma wadda take nuna tambarin kamfani ta tsaya a nan ko ta yi ta zagaye, wannan ta ƙarshen ma ta kunnu ai, Windows ne ko dis ke da matsala, ba ita muke magana ba yau. Kowacce da inda ake nufa, kuma wanda ya haɗa su ya kira su abu ɗaya shi ne yake kashe kuɗi a banza.

Ke kin ce shiru, wato kamar ta farkon kenan, sai dai ba ki faɗa min ko 'yar fitilar da ke gefen ramin caja tana kamawa ba, kuma wannan 'yar fitilar rabin amsar tana wajenta. Ki shiga ɗaki ki saki labule ya yi duhu, ki jona caja ki duba gefen. Sannan ki danna madannin kunnawa sau ɗaya ki kara kunnenki a ƙasan laftof ɗin, ki sa tafin hannu wajen da iska ke fita.

Caja

Da na karanta kin ambaci janareta, hankalina wajen caja ya fara tafiya. Ki juya bayan cajarki za ki ga an rubuta tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240V, wato tana da haƙuri sosai da wuta mai rauni, abin da ba ta jurewa shi ne wuta ta yi tsalle lokaci guda. Ƙananan janaretocin nan namu kuwa haka suke, da an kashe dutsen guga ko injin jan ruwa ko firji ya tsaya sai wutar ta haura kafin inji ya daidaita, haka ma lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana sauka yana tashi. Caja ta kirki ita take shanye wannan dukan ta mutu ta bar laftof lafiya. Abin da nake zato ya faru, kuma na sha gani, shi ne cajar ta mutu tun cikin dare ba ki lura ba, kika ci gaba da aiki a kan batir, kika rufe murfi kika kwanta, batirin ya ƙarasa tsiyayewa kafin asuba. Awa ukun da kika ce kin bar ta a caji, in haka ne, ba abin da ya shiga.

Ki fara gwada soket ɗin da cajar waya ko fitila, ki cire ekstenshan daga lissafi ki jona kai tsaye a bango. Wayar nan mai baki uku da ke shiga jikin cajar ita ma tana yankewa ta ciki, kuma ita ce mafi arha a duk kayan, ki canza ta ki gani. Ki taɓa jikin cajar bayan ta yi rabin awa a jone da laftof, mai aiki tana ɗan yin ɗumi, in kin ji ta sanyi ƙalau akwai magana. Ki shinshina ta, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Sannan ki leƙa cikin bakin da ke shiga laftof ɗin, cajar HP da ta Dell suna da wata siririyar allura a tsakiya, ba ado ba ce, ta nan laftof take gane wace irin caja aka jona mata da ƙarfinta. In allurar ta lanƙwashe ko ta karye sai ki ga wuta tana nan a cajar amma batir ya ƙi ɗauka.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne ki ari cajar wata ƙawarki mai irin laftof ɗinki, wadda kika tabbatar tana aiki. Amma a nan ki kula dan Allah, ba duk bakin da ya shiga rami ne daidai ba. Ki karanta rubutun, yawancin HP na 'yan shekarun nan masu shuɗin baki 19.5V suke, Dell ma 19.5V, Lenovo 20V, su Acer da Asus da Toshiba yawanci 19V. Lambar V ɗin ta zo ɗaya da taki. Lambar W kuwa, wato 45W ko 65W ko 90W, in ta aron ta fi taki ba komai, laftof iya abin da take buƙata take ja, in ta gaza taki ne ake samun matsala. In laftof ɗinki mai cajin USB-C ce, kan cajar waya na yau da kullum ba zai tashe ta ba don tana neman 20V ne shi kuma ba ya bayarwa. Cajar nan mai bakuna goma da ake murɗa mata lamba a gefe, ni dai ba na ba kowa shawarar ya kusance ta, na karɓi bod da yawa da ita ta kashe. Haka jabun caja, za ki ji ta shafal a hannu kamar ba komai a ciki, irinta maimakon ta tare wutar sai ta miƙa ta ciki.

Wata alama kuma mai muhimmanci, in cajar mai fitila ce a jikinta. Kin jona a bango fitila ta kama, kina sakawa a laftof ta mutu, kin zare kin sake jonawa a bango ta dawo. Wannan cajar lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi saboda wani abu ya haɗe a cikin laftof ɗin. In kin ga haka ki tsaya, kar ki yi ta maimaitawa, aikin mai gyara ne.

Batir, da sauke ragowar wuta

Akwai wani ɗan guntu a kan bod da ba ya barci ko laftof tana kashe, shi ke sauraron madannin kunnawa, shi ke kula da caji da kibod da fanka. Wani lokaci in wuta ta yi wasa sai ya rikice ya daskare, ki danna duniya ba zai amsa ba. Maganinsa a raba shi da wuta gaba ɗaya. Ki zare caja, ki zare duk abin da ke jone, filash, maus, modem, katin memori. In batirinki mai fita ne ta baya ki zame makullan ki cire shi. Ki danne madannin kunnawa ki riƙe daƙiƙa talatin cur, ki ƙirga da baki. Sai ki jona caja kaɗai ba batir ki kunna. In ta kawo, to ko dai daskarewar ce, ko batirin ne ya lalace har yake hana wuta wucewa, za ki gane in kin mayar da shi. In batirin na ciki ne ki yi dannawar haka nan, tana aiki a da yawa. Wasu Lenovo ThinkPad da wasu Acer ma suna da ɗan ƙaramin rami a ƙasa da ake zura allura a danna don wannan aikin.

Ki kuma kalli laftof ɗin daga gefe a kan tebur. In kin ga wajen da kike goga yatsa ya tasa, ko kibod ya yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura. Zafin Kano yana cin batir ba kaɗan ba, a watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 ga shi ana ɗora laftof a kan katifa ko filo ramukan iska duk a toshe. Batirin da ya kumbura kar ki danna shi, kar ki huda shi, kar ki ƙara sa shi a caji, yana iya kamawa da wuta. A cire shi kawai, laftof tana aiki da caja kaɗai kafin a samu wani.

In fitila tana kamawa amma sikirin baƙi

Idan kin shiga duhun kin ga ashe fitila na kamawa fanka na juyawa, to labari ya canza kuma ya fi daɗi, wuta tana shiga. Ki ba ta minti ɗaya sannan ki danna Caps Lock. In 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda kike dannawa, kwamfutar a raye take, hoto ne kawai ba ya fitowa. Ki haska tocilan ɗin waya a jikin sikirin daga kusa ki karkata kai, in kin hango rubutu dishi-dishi to hasken bayan sikirin ne ya mutu ko wayarsa da ke bi ta maƙogwaron murfi ta gaji da buɗewa da rufewa. Ki nemo wayar HDMI ki jona da talabijin ɗin gida, in hoto ya fito a can kin samu hanyar kwashe aikinki a daren nan ma, gyaran sikirin ya biyo baya. Masu Dell suna da wata dabara, a danne harafin D a kunna, sikirin mai lafiya zai yi ta nuna launuka.

In kuma Caps Lock ɗin da kansa yake ƙiftawa ba ki taɓa shi ba, ki ƙirga, magana yake miki. A HP na baya-bayan nan ƙiftawa uku masu tsawo da biyu gajeru ram suke nufi, wato ɗan siririn katin nan na ciki da kwamfuta take riƙe aikin da ake kai a kansa. A Dell fitilar gefe ce ke yi, ruwan lemo sau biyu fari sau uku, ba ta ga ram ba kenan. Kuma ram ɗin nan shi ne abin da na fi samu a irin wannan matsalar, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga. Akwai wani bawan Allah ɗan kasuwa a Kwari da ya zo min da tasa, duk lissafin bashin da yake bin mutane yana ciki, an riga an faɗa masa a wani wajen cewa bod ne har ya fara cinikin wata. Na buɗe na zare ram na goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, na hure ramin na mayar har ya ce ƙyas, ta kawo. Ya daɗe a zaune yana ta hamdala kafin ya iya tashi. In laftof ɗinki tana da ɗan murfi a ƙasa mai noti ɗaya ko biyu, ke ma ko yayanki za ku iya, da sharaɗin an cire caja da batir tukuna, an taɓa ƙarfe da hannu kafin a taɓa ram, kuma a gefe ake riƙe shi. In guda biyu ne a gwada ɗaya-ɗaya. In kuwa sai an ɓanɓare bayan gaba ɗaya kuma ba ku taɓa yi ba, ku bari, wayoyin ciki sirara ne kamar takarda.

Bayos ma, wato 'yar manhajar da ke kan bod mai fara tada kwamfuta kafin Windows, yana lalacewa in wuta ta yanke yana tsakiyar sabunta kansa. A HP ana danne madannin Windows da harafin B tare, a danna na kunnawa daƙiƙa biyu zuwa uku a saki, a ci gaba da riƙe biyun, in an dace sai ta ɗauko kwafin da ta ajiye ta gyara kanta, kuma kar a zare caja har ta gama. Sai ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032 mai 3V, da ke riƙe agogo. A tsofaffin laftof in ya ƙare wasu sukan ƙi tashi, alamarsa tun kafin nan za ki ga kwanan wata yana komawa baya.

Ba ki ambaci ruwa ba amma dole na tambaya, don mai aikin dare da kofin shayi a gefe suke kwana. In wani abu ya zube, ko kaɗan ne, ko kwana uku da suka wuce ne, ki daina danna madannin nan daga yanzu. Shayi mai madara da sukari ya fi ruwa ɓarna, yana bushewa ya bar danƙo yana cin ƙafafun kayan a hankali. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da komai, sai an buɗe an wanke da sinadarin wanke bod.

In ya tabbata bod ne

To a ce duk kin yi waɗannan, caja mai kyau, ba batir, an sauke wuta, har yanzu ko ƙyaftawa babu. Yanzu ne maganar yayanki ta samu ƙafa, amma ko a nan "bod ya ƙone" ba ya nufin a jefar. Abin da nake yi in ta zo hannuna, ina fara auna ramin cajar da kansa don yana sakin dalma saboda jan waya. Sannan na bi wutar in ga 19V ɗin ta wuce ƙofar farko, akwai wasu ƙananan makullan wuta guda biyu da ake kira mosfet da ke gadin wajen, su ne suka fi mutuwa in wuta ta yi tsalle. Daga nan na nemi 3.3V da 5V, waɗannan dole su kasance ko kafin a danna madanni, in babu su laftof ba za ta taɓa jin dannawarki ba. Sau da yawa mai laifin kafasito ne guda ɗaya, ɗan abu mai tara wuta da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya haɗe ya janye wutar duka ƙasa, a gano shi ta zafin da yake yi a cire a sa wani, shikenan. Wannan aikin yana cin lokaci da haƙuri, shi ya sa wanda bai iya ba ko ba ya son wahala yake cewa a canza bod.

Abin da ba na so ki yarda da shi shi ne a ce za a "gasa" bod, wato a hura masa iska mai zafi ko'ina ba tare da an auna komai ba. Wani lokaci takan tashi, mai ita ya biya ya tafi yana murna, bayan sati biyu ta mutu mutuwar da ba ta dawowa, kuma in ta zo wajenmu a lokacin ba mu da abin yi. Ni ma ina da iyakata, in wutar ta tsallake ta kai ga furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar kenan, wanda a laftof na yanzu a like yake da bod, ko ƙunar ta huda bod ɗin ta cinye layukan ciki, ba na karɓar kuɗin mutum a kan wannan. Sai na ce a nemi bod na hannu irinsa, ko in laftof ɗin ta tsufa har kuɗin ya doshi rabin na wata, a haƙura a sayar da sikirin da ram da sauran kayan a cika a sayi wata.

In za ki kai ta gyara, ko Farm Centre ko Beirut Road ko duk inda kika saba, ki je da cajarki, kuma ki je da yayan naki. Kafin a taɓa komai ki ce a zaro dis a kwashe miki furojet ɗinki a filash a gabanki, ki tura wa kanki ta imel tun kina shagon. In da hali ma ki taho da dis ɗin gida, mai gyaran wuta ba ya buƙatarsa don ya ga laftof ta kawo, kuma hotunanki da takardunki sirrinki ne. Kar ki bari kowa ya ce zai yi fomatin, wato ya goge abin da ke cikin dis, laftof da ba ta karɓar wuta ba ruwanta da fomatin. Ki sa a nuna miki girman ram da dis ɗinki a rubuta a takardar karɓa, ki tambayi kuɗin dubawa tun farko, ki ce kar a canza komai sai an kira ki.

Abu biyu ne kawai za su iya kawo cikas a kwashe aikin. Na ɗaya in Windows ya kulle dis ɗin da BitLocker, wanda yakan yi da kansa a wasu laftof in an shiga da asusun Microsoft, to za a nemi wata lamba mai alƙaluma 48, tana ajiye a cikin asusun naki, za ki iya buɗewa ta waya ki kwafo tun kafin ki fita daga gida. Kina ciki ma ki leƙa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na sha ganin ɗalibi yana kuka ashe Word ya daɗe yana ajiye masa kwafi a can bai sani ba. Na biyu in laftof ɗin irin ƙananan nan ce masu 32GB ko 64GB da ma'ajiyarsu take like a jikin bod, irin wannan dole sai an tada bod ɗin kafin a kai ga abin da ke ciki, kuma a nan ne za ki fi buƙatar mai aunawa da mita ba mai gasawa ba.

Daga nan inda nake ba zan iya rantse miki cewa caja ce ba, zato ne mai ƙarfi kawai saboda janaretan da kuma yadda ta yi aiki lafiya har kika kwanta. Ki ari cajar yau ki gwada, ki yi dannawar daƙiƙa talatin ɗin, sannan ki rubuto min lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin, da abin da aka rubuta a bayan cajarki, da ko fitilar gefen ta kama da wane launi, fari ko ruwan lemo, tsaye take ko ƙiftawa take yi kuma sau nawa. Da waɗannan zan faɗa miki ko murfinki na buɗewa a gida ne ko sai an kawo ta benci.